ƊAN MOTON DA KE TSAYAR DA BABBAN INJI: YADDA AKE NEMAN MADADINSA BA TARE DA AN YI ASARA BIYU BA

Duk wanda ya saba shiga ma'aikatun da ake sassaƙa ƙarfe a Sharaɗa ko Bompai cikin Kano, ko Kakuri a Kaduna, ko kuwa Ikeja can Ikko, da wuya a ce bai taɓa ganin wani inji a kusurwa an lulluɓe shi da tamfol, ƙura ta hau kansa ba. In ya tambaya, sau da yawa amsar da zai ji ita ce lafiyar injin ƙalau, abu ɗaya ne kurum ya lalace, watau ɗan moton lantarkin da ke juya wuƙaƙe, tare da akwatin giyarsa, ana nan ana cigiyar irinsu.

Shi wannan moto bai fi gwangwanin madarar gari girma ba, mutum yana iya ɗaukarsa da hannu ɗaya. Amma ran da ya tsaya, inji mai nauyin tan biyu ko uku ya tsaya ke nan. Masu injin niƙa da na casar shinkafa da na ban ruwa waɗanda suka kawo aiki sai su kwashe kayansu su nufi wani wuri, ma'aikata su zauna hannu rabbana, yara masu koyon sana'a su watse, ga kuma kuɗin haya da bashin banki ba su san inji ya tsaya ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Abin da ya fi ban takaici kuwa shi ne, da yawa daga cikin masu irin waɗannan injuna sun riga sun sayi moto sau ɗaya, har da masu sau biyu, an ɗaura ya sake ƙonewa ko ya ƙi shiga gurbinsa. Dalili kuwa bai wuce biyu ba. Na farko, an tafi kasuwa ba a san abin da ya kashe tsohon ba. Na biyu, an sayi sabon da ido, domin ya yi kama da tsohon, ba a bi lambobi da awo ba.

MENE NE MAJUYIN WUƘAƘE?

Domin amfanin mai karatu wanda ba sana'arsa ba ce, injin sassaƙar ƙarfe inji ne da ke riƙe sandar ƙarfe yana juya ta da sauri, wuƙa mai tauri tana bi tana fere ta har ta zama abin da ake so, ko sandar famfo, ko noti, ko mazaunin boris. Aiki ɗaya yakan bukaci wuƙa uku ko huɗu: mai rage kauri, mai gyara fuska, mai yanka zare, da mai huda. A tsofaffin injuna ma'aikaci ne ke kwance wannan ya ɗaura waccan da hannunsa. Tun wajen tsakiyar ƙarni na 19 maƙeran Amurka suka fito da dabarar jera wuƙaƙen a jikin dunƙulen ƙarfe guda mai juyawa, wanda masu sana'ar ke kira taret. Shi ne majuyin wuƙaƙe.

Bayan da jami'ar fasaha ta MIT a Amurka ta nuna injin yankan ƙarfe mai bin umurnin lambobi a 1952, sannu a hankali aka kai ga injunan da kwamfuta ke tuƙawa. A cikinsu babu hannun mutum wajen sauya wuƙa. Kwamfuta ce ke cewa a kawo wuƙa ta uku, majuyi ya saki kansa, ya juya, ya tsaya daidai, ya kulle.

Majuyan iri uku ne. Akwai mai aiki da matsin mai, akwai mai moto na musamman da ake kira sabo wanda ke tafiya da akwatin wutarsa, akwai kuma mai moton lantarki na yau da kullum haɗe da giya. Wannan na ukun shi ya fi yawa a ƙananan ma'aikatu da makarantun fasaha, musamman majuyi mai mazauni huɗu da ke zuwa a kan injunan ƙasar Sin, kuma a kansa wannan bayani ya fi karkata. Mai moton sabo dai hanyarsa ɗaya ce: a nemi lambarsa sak, domin akwatin wutar ba ya karɓar baƙo.

A cikin majuyi mai mazauni huɗu, moto yana juya wata sandar ƙarfe mai zare kamar na noti, ita kuma tana tura wani faifai mai haƙora wanda galibi na tagulla ne. Waɗannan biyun su ne zuciyar akwatin giyar. Moto ya juya gaba, sai kan majuyin ya saku ya kama zagayawa. A samansa akwai ɗan mayen ƙarfe da wasu 'yan na'urori masu jin kusantowarsa, ɗaya ga kowane mazauni. Da zarar wuƙar da ake so ta iso, na'urar ta sanar da kwamfuta, sai a juyar da moton baya na kamar sakan ɗaya, kan majuyin ya sauka ya ɗaure tam.

A nan akwai abin lura. Daidaiton tsayuwar wuƙa bai rataya ga moton ba. Aikin wasu zobba biyu ne masu haƙora a fuska, waɗanda ke shiga juna in an kulle, kamar yadda yatsun hannu biyu ke sarƙewa. Irin wannan haɗi har yau ana kiran wani nau'insa da sunan injiniyan Jamus Albert Hirth. Saboda haka ana iya samun madadin moto daga wani kamfani dabam aiki ya yi kyau, muddin ƙarfinsa da saurinsa da awon jikinsa sun dace. Amma in zobban nan ne suka ci, ko an sa sabon moto goma wuƙa ba za ta tsaya wuri ɗaya ba.

A FARA SANIN ABIN DA YA KASHE SHI

Moton majuyi ba ya aiki fiye da 'yan sakan-sakan a kowace sauyawar wuƙa, don haka tsufa kaɗai ba ya cika kashe shi. In ya ƙone, to akwai abin da ya ƙone shi, kuma abin yana nan yana jiran sabon.

Babban maƙiyinsa a ƙasar nan shi ne wutar lantarki. Moton mai layi uku ne. In layi ɗaya ya ɗauke, ko fis guda ya tsinke, ko bakin makunni ya ci, sai moton ya tsaya yana gurnani a kan layi biyu, kafin a ankara waya ta gasu. Haka kuma in wuta ta yi ƙasa. Ƙarfin juyin irin wannan moto yana raguwa fiye da yadda wutar ta ragu: wuta ta faɗi da kashi 10 cikin 100, ƙarfinsa ya faɗi da kusan kashi 19. Sai ya kasa kwance majuyin da aka ɗaure lokacin da wuta ke cike, ya tsaya yana shan zafi.

Na biyu shi ne karo. In wuƙa ta daki bakin da ke riƙe ƙarfe saboda kuskuren umurni, majuyin yakan goce ko ya cije, haƙoran tagulla su karye. Na uku shi ne ruwan sanyaya wuƙa da ɓarɓashin ƙarfe, waɗanda ke bi ta robar da ta tsufa su shiga ciki, su wanke giris, su sa tsatsa, har su kai ga wayar moton. Na huɗu, lokacin juyawa baya da aka rubuta wa kwamfuta. In ya yi tsawo, moton zai ci gaba da turawa bayan majuyi ya riga ya kulle, kullum yana ɗan ƙonewa kaɗan-kaɗan. In kuwa ya gajarta, majuyi ba zai ɗauru sosai ba.

Akwai kuma lokacin da moton ba shi da laifin komi. In majuyi yana ta zagayawa bai tsaya ba har kwamfuta ta yanke wuta ta nuna alamar lokaci ya ƙure, to moto da giya suna aiki ke nan, sai a duba 'yan na'urorin da ke sama, ko mayen ƙarfen, ko wayarsu, waɗanda kuɗinsu bai kai rabin na moto ba. In kuma inji ya ƙi sauya wuƙa bayan an yi gyaran wayoyin ma'aikata ko an koma kan sabon janareto, a tuna cewa musanya waya biyu cikin uku yana juyar da moto baya. Majuyin da ya kamata ya buɗe sai ya ƙara ɗaurewa. An sha cire lafiyayyen moto a kan wannan kaɗai.

Gwajin ba shi da wuya. A kashe wutar injin daga tushe tukuna. Galibin waɗannan majuya suna da toshe a gefe, in an cire shi ana iya sa makulli a juya sandar mai zare da hannu. In ta juya sumul har majuyi ya buɗe ya zagaya, giya lafiya, sai a koma kan moto. In ta cije, matsalar tana cikin ƙarfe. Shi kuma moton a auna naɗinsa uku da mita, ya kamata su ba da lamba kusan ɗaya. Sa'an nan a auna tsakanin waya da gangar jikinsa da mitar gwajin rufin waya mai bolt 500. In abin da ta nuna bai kai megom 1 ba, ruwa ya shiga ko rufin ya lalace.

KAMA DA WANE BA TA WANE

In an tabbata sai an sauya, aiki na farko shi ne karatu. Sunan da ke rubuce ɓaro-ɓaro a ƙofar inji sau da yawa ba shi ne na wanda ya ƙera majuyin ba. Kamfanonin injuna da yawa saye suke yi daga masu ƙera majuyi zalla, irin su Duplomatic da Baruffaldi na Italiya, da Sauter na Jamus, da Pragati na Bangalo a Indiya, da kuma kamfanonin birnin Canjo na ƙasar Sin masu yin mai mazauni huɗu. Sai a goge mai da datti a nemi ɗan farantin da ke manne a jikin majuyin kansa, da wanda ke jikin moton, a kwafe duk abin da ke kai, har lambar ƙira da shekara, a kuma ɗauki hotonsu.

Abu na farko a farantin shi ne ƙarfin wuta, wanda ake aunawa da bolt. Wutar ma'aikatu mai layi uku a Nijeriya tana tsakanin bolt 400 da 415, kuma injunan Sin da na Turai masu 380 ko 400 suna zama da ita. Amma injunan Japan galibi na bolt 200 ne, akan haɗa su da taransifoma a bayansu. Mai inji yana ganin ya ba injinsa 415, sai ya ɗauka moton majuyi ma haka yake, alhali abin da ke isa gare shi 200 ne. In ya sayo mai 400 ba zai iya ɗaga majuyin ba.

Na biyu shi ne bugun wuta. Ta Nijeriya tana kai da komowa sau 50 a sakan, ta Amurka sau 60. Moton da ke zagaye kusan 1,700 a minti a can, in ya zo nan zai dawo kusan 1,400, watau ya rasa kashi ɗaya cikin shida na saurinsa. Mai bolt 460 na Amurka yakan zauna lafiya a kan 380 zuwa 400 na nan, amma mai 220 da aka yi domin bugu 60 in aka ba shi 230 a bugu 50 zai riƙa zafi fiye da kima.

Na uku shi ne sauri. Alal misali, a ɗauka moto yana zagaye 1,400 a minti, sanda mai zare ɗaya ce, faifan kuma haƙoransa 40. Faifan zai yi zagaye 35 a minti, watau daga wuƙa zuwa ta kusa da ita bai kai rabin sakan ba. In aka sa moto mai zagaye 2,800 domin girmansu ɗaya, majuyin zai ninka gudu, ya wuce mazauni kafin kwamfuta ta tsayar da shi, ga shi kuma ƙarfin juyinsa rabi ne in wat ɗinsu ɗaya. Wani kuma yakan ce bari ya sa wanda ya fi ƙarfi domin ya huta. Wannan ma kuskure ne, gama ran da majuyi ya cije, maimakon moto ya tsaya na'urar kariya ta yanke wuta, sai ya share haƙoran tagulla.

Na huɗu shi ne awon jiki. A ma'aunin da Turai da Sin da Indiya ke bi, moto mai lambar jiki 56 kaurin sandarsa milimita 9 ne, mai 63 milimita 11, mai 71 milimita 14. Amurka ma tana da lamba 56 a nata ma'aunin, amma sandar tasa biyar bisa takwas na inci ce, kusan milimita 16. Lamba ɗaya, moto biyu. Wanda ya aika a sayo masa 56 kurum bai faɗi na wane ma'auni ba, ya jefa kuɗinsa a rijiya. Bayan kauri sai tsawon sanda, da faɗin ramin ki, da faɗin fuskar da ake ɗaurewa, da tazarar ramukan noti.

Daɗin daɗawa, wasu majuyan na Turai da Indiya motonsu na musamman ne. Wani yana da birki a bayansa, wani an naɗa shi yadda zai jure tsayawa cikin wuta na ɗan lokaci, wani an binne na'urar jin zafi cikin wayarsa, wani kuma an yanka haƙoran giya a jikin sandarsa. Irin waɗannan, moton kanti ba ya maye gurbinsu.

Giya ma haka take. Ana ƙirga haƙora, a auna faɗin faifai daga baki zuwa baki. Ga giya mai miƙaƙƙun haƙora, in an ƙara 2 a kan yawan haƙoran aka raba faɗin da shi, za a sami lambar girman haƙori. Faifai mai haƙora 30 da faɗin milimita 48, lambarsa 1.5 ke nan. Akwai giyar ma'aunin inci mai lamba 16 wadda haƙorinta ya kusa 1.59. A ido ba a rarrabe su, har suna iya shiga juna, amma za su yi ta ƙara suna cin juna har su ƙare. Ga sanda mai zare kuwa, sai an san zare nawa ne, na dama ne ko na hagu, da tazarar da ke tsakanin tsakiyarta da tsakiyar faifan. Kuma ƙa'ida ita ce a sauya su tare, domin tsohuwar sanda mai kaushi ba ta barin sabon faifai ya yi kwana.

INA ZA A SAMU?

Hanya ta farko ita ce a rubuta wa kamfanin da ya ƙera majuyin ko wakilinsa. Ita ta fi tsada, ita kuma ta fi kwanciyar rai. A aika da hoton farantin, da lambar ƙira, da zanen awon sanda da fuska, a nemi su tabbatar a rubuce cewa abin da za su aiko ya dace kafin a biya. In inji ya tsufa ainun, kamar ƙananan injunan koyarwa na Emco na Ostiriya, ko Denford da Boxford na Ingila, waɗanda aka yi tun shekarun 1980, mai yiwuwa a ce an daina yin kayansu, sai a koma ga dillalan tsofaffin injuna.

Wahalar shigo da kaya ba sabuwa ba ce, kamanni kawai ta sauya. Kafin Satumba 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe kasuwar canji ta biyu, lasisin shigo da kaya shi ne ƙaya. Yanzu kuwa farashin dala ne. Kafin Babban Banki ya saki naira a Yuni 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairu 2024 ta kai 1,500. Ga kuɗin jirgi, ga na kwastan, ga harajin kayan masarufi na kashi 7.5 cikin 100 da ake karɓa tun Fabrairu 2020. Mai shigo da kaya ta banki zai cika Fom M, kuma ya kyautu ya san cewa a jadawalin kwastan moton lantarki yana ƙarƙashin lamba 8501, giya da akwatinta 8483, kayan gyaran injunan yankan ƙarfe kuma 8466. Tun da kuɗin aike kan yi gogayya da kuɗin kayan, mai hankali yakan haɗa da robobi da faifan na'urorin sama a ƙunshi ɗaya, in da hali ma ya sayi moto biyu ya ajiye ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce masu naɗin waya, waɗanda babu babban garin da ba su. In gangar moton da sandarsa lafiya suke, sake naɗi ya fi komi sauƙi, kuma ba a fargabar awo. Sai dai a zaɓi gwani, wanda zai ƙirga naɗin tsohuwar waya ya auna kaurinta ya rubuta kafin ya warware, wanda ba zai jefa moton cikin wutar itace domin cire wayar ba, gama hakan yana lalata rufin da ke tsakanin faya-fayan ƙarfen ciki, moto ya dawo yana zafi har abada. A tabbata wayar jan ƙarfe ce zalla, domin akwai ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a kasuwa. A nemi kayan rufi masu daraja F, waɗanda ke jure zafi har digiri 155, a tsoma a banish a gasa, a mayar da na'urar jin zafi in da ma akwai ta, a kuma sa sabon boris.

Hanya ta uku ita ce kasuwannin kayan hannu, irin su Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa da Sabon Gari a Kano, da Nkwo a Nnewi, da Ladipo da Alaba a Ikko. Tun da masaƙu da sauran ma'aikatu suka yi ta rufewa, ciki har da masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, motoci da giya na kwance ba su yanke a irin waɗannan wurare ba. Mai zuwa can ya tafi da tsohon moton, da ma'aunin kauri, da mita, da takardar da ya rubuta lambobi. Kada ya biya sai an sa wa moton wuta a gabansa, kuma a yi magana a kan mayarwa in bai dace ba.

Hanya ta huɗu ita ce a sayi moton kanti mai wuta da sauri da ƙarfi daidai, a sassaƙa masa faranti da haɗin sanda domin ya zauna. Ma'aikatar da ke da injin sassaƙa na hannu tana iya yin wannan da kanta. Ga ƙananan injunan koyarwa masu moton wutar batir mai bolt 12 ko 24, wasu sukan yi dabara da moton share gilashin mota, domin shi ma sanda mai zare da faifai ne a cikinsa. Yakan yi, amma sai an tabbata bai fi ƙarfin allon wutar injin ba, in ba haka ba a gyara moto a ƙone allo, wanda ya fi shi wuyar samu. Faifan tagulla ma ana yanka shi a gida, in an sami tagulla ta ainihi mai jure guga da wuƙar da ta dace da zaren sandar. Wanda aka zuba da narkakkun kawunan famfo kyan gani gare shi, amma ba ya daɗewa. Araha ba ta ado.

Hanya ta ƙarshe, in moto da giya da zobba duk sun tafi, ita ce a sauya majuyin ɗungurungum. Mai mazauni huɗu na Sin ana samunsa sabo, wani lokaci jimlar kuɗinsa ba ta fi ta tattara kayan tsohon ɗaya-ɗaya ba. Sharaɗi shi ne tsayin wuƙa ya zo daidai da tsakiyar ƙarfen da ake sassaƙa, ramukan gindi su dace ko a yi faranti, kuma kwamfutar injin, ko Fanuc ce ko Siemens ko GSK, ta fahimci saƙon na'urorinsa. Wannan aikin sai da masanin wutar injuna.

BAYAN AN ƊAURA

Samun kaya rabin aiki ne. Kafin a mayar da wuƙaƙe, a janye majuyin nesa da bakin inji, a gwada shi babu komi a kansa, hannu yana kan makunnin tsayarwa. A ga ya juya ta inda ya kamata, ya ziyarci kowane mazauni, ya kulle. A sa agogon awo a jikinsa a tura da hannu a ga ko yana motsi. Majuyin da bai ɗauru ba ba kaya kaɗai yake ɓatawa ba, yana iya karya wuƙa ya jefo gutsurenta, ko ya fizge ƙarfe daga bakin inji, ga ma'aikaci tsaye a gaba. Sa'an nan a daidaita na'urar kariya daga zafi a kan lambar amfiya da ke farantin sabon moton, a sa na'urar da ke yanke wuta in layi ɗaya ya ɗauke ko layuka suka juya, a sauya robobi, a zuba man da kamfani ya faɗa. Wasu mayukan giyar mota suna ɗauke da sinadarin farar wuta mai cin tagulla, don haka ba kowane mai ake ɗurawa ba.

Tun 1980 Gwamnatin Tarayya ta kafa kamfanin ƙera injuna na Nigeria Machine Tools a Oshogbo tare da HMT na Indiya, aka sayar da shi ga 'yan kasuwa a 2007, amma har yau galibin injunan da kwamfuta ke tuƙawa a ƙasar nan daga waje suke zuwa, da yawansu kuma na hannu ne, babu littafi babu zanen waya. Kafin ranar da za a riƙa yin waɗannan kaya a gida, akwai abin da ke hannun masu sana'ar. Mai sayen inji ya nace a ba shi littattafansa kafin ya biya. Kowace ma'aikata ta buɗe littafi guda ta rubuta lambobin kowane moto tun yana da lafiya, domin faranti yakan goge, wani lokaci ma ya ɓace wajen mai gyara. Makarantun fasaha, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, su ba ɗalibai horo a kan karanta faranti da auna giya kamar yadda suke koya musu tuƙa inji. Ƙungiyoyin maƙera kuma su riƙa sanar da juna wanda ke da mataccen inji iri kaza, gama abin da wani ya jingine a bayan shago shi wani ke nema wata shida. Allah ya sa masu abin su ji, su kuma yi aiki da shi.